Hoton da Na Rufe Sau Uku a Wayar Yaya Tanimu

Da sunan Allah nake farawa. Wanda yake da mai ciwon ido a gida, ko wanda nasa idon ya fara gani dishi-dishi, ya daure ya karanta wannan har ƙarshe. Abin da ya same mu ne ba na so ya sami wani.

Sunana Ladan, a Limancin Kona nake, cikin birnin Zariya. Bugu ne sana'ata: in an gama ɗinkin babbar riga a kawo mini, in shimfiɗa ta a kan gungume in buge ta har ta yi sheƙi. Boko a aji huɗu na tsaya. Hausa ina haɗa ta a hankali, Turanci kuwa sai dai in kira maka haruffan ɗaya bayan ɗaya, ban san abin da suka tara ba. Yayana Tanimu shi ya yi sakandare, kuma shi ne maɗinkin da ake ji da shi a layinmu. Ya fi shekara talatin yana zaune a zaure da allura, yana fitar da aska takwas a ƙirjin riga. Shi ya ɗinka, ni in buge. Tuwon gidajenmu biyu daga idonsa yake fitowa.

Bayan ƙaramar Sallah na fara lura da shi. Ya miƙa hannu zai ɗauki kofin shayi, ya kifar. In aka yi masa sallama ta hagu sai ya juyo da kai gaba ɗaya. Rannan ya miƙo mini allura ya ce in zura masa zare, wai hannunsa ke rawa. Hannun Yaya bai taɓa rawa ba.

Matarsa Hajara ta tare ni a tsakar gida. Tun da aka kawo ta gidan nan ba mu taɓa yin magana ba tsokana ba, amma ranar ba ta yi dariya ba.

"Kai ƙanin miji, naka idon ma ya tafi ne? Jiya yayanka ya taka kaskon wuta da rana tsaka."

Muka same shi mu biyu. Ya ce, "Na hagu ya yi wata biyar da ɗaukewa. Na dama ne ke riƙe da ni. Amma maganar nan ta tsaya a tsakaninmu mu uku. Ranar da aka ji a kasuwa idon Tanimu ya taɓu, ranar za a kwashe rigunan mutane daga zauren nan."

Ban musa ba, don na san 'yan kasuwarmu. Ko 'ya'yansa da ke aure a Kaduna ba a gaya wa ba.

Sati biyu na farko a gida muka ɓata su. Goggo Laraba, ƙanwar babanmu, ba a ɓoye mata abu, da ganin tafiyarsa ta gane. Ta kawo kwalli, ta kawo hayaƙi, ta ce sammu ne, maɗinkan da ya fi su ciniki ne suka jefe shi. Ni ma na ɗauka. Har na daina amsa gaisuwar Malam Sule da ke ɗinki a tsallaken hanya. Goggo ta ce akwai wani a wajen Kufena da ke cire yanar ido da allura. Nan Hajara ta kafe ta ce sai dai a bi ta kan gawarta. Allah ya saka mata. Na sayo wani maganin ɗigawa a kyamis, idon ya yi fari tas, ciwon kai kuwa ya ƙaru.

A sati na uku muka tafi babban asibiti. Ga yadda muke fita: ba na riƙe masa hannu, kada a gani. Ina tafiya a gefensa kamar hira muke yi, ina ce masa a hankali, "rami," "kwata," "akuya," har mu kai Ƙofar Doka mu shiga mota. Mun isa da safe, ba mu ga likita ba sai bayan azahar. Wata likita ce, ba ta da yawan magana. Ta haska, ta auna, ta ce sunan ciwon gilakoma, wato hawan jinin ido. Kalmominta ba su bar kaina ba har yau: "Na hagu ya tafi, ba ya dawowa. Abin da ya rage a na dama shi muke gadi. Za ku fara ɗigawa yau, amma sai an yi aiki, kuma kada a ja lokaci."

Muka je teburin da ake ba da ranar aiki. Akawun bai ko ɗago kai ba. Ya ce an daina rubuta rana a kati, yanzu a shafin asibiti na intanet ake nema, kowa da wayarsa.

Na ce, "Malam, mutumin nan ba ya gani."

Ya ce, "To a yi masa mana." Ya nuna da biro wajen ƙofa, inda wani mai shago ke cike wa mutane a biya shi. Ni dai na ce a raina da akawun ake rabawa. Ban da hujja, amma har yau ban janye ba. Na leƙa shagon, sai ga surukin wani dillalin riguna na unguwarmu zaune a ciki. Da na gaya wa Yaya, ya ce ko kusa.

Wata mata a bencin da ke bayanmu ta ji komai. Ta ce sunanta Rahila, malamar makaranta ce daga Wusasa, kuma tun tana yarinya ba ta gani. Waya tana kunnenta tana ta surutu da sauri kamar mai kiran kasuwa. Ta ce Yaya ya ba ta tasa, akwai murya a cikin kowace irin wayar nan da ke karanta wa mutum abin da ke kan gilashi, kunna ta kawai ake yi. Ni ban yarda da ita ba. Mutum bai san ka ba, ya karɓi wayarka yana shafawa? Na tsaya a kanta ina bin yatsunta da ido.

Ta ce, "Malam Ladan, numfashinka nake ji a wuyana. Matsa kaɗan. In na sace wayar, ta ina zan gudu?"

Yaya ya yi dariyar da ya kwana biyu bai yi ba. Ta koya masa yadda zai ja yatsa wayar ta faɗi abin da ya taɓa, in yana so ya shiga ya ƙwanƙwasa sau biyu. Ta ba shi lambarta. Sannan ta ce, "Amma ku sani, abin da aka rubuta kawai take karantawa. In wanda ya gina shafi bai sa wa abu suna ba, ba ta da abin faɗi. Shafin asibitin nan kuwa, sai kun yi haƙuri da shi."

Sati na huɗu, kwana huɗu muka yi a ƙuryar ɗaki muna neman rana ɗaya. Yaya ya ja yatsa, wayar ta ce "botin." Ya sake ja, ta ce "botin." Botin, wato abin dannawa, amma na me? Oho. Akwatunan da ake cikewa ba su da suna a bakinta, sai ni in kira masa haruffan da ke sama, shi ya haɗa ya gane nan suna ake so, nan lambar kati. In mun kai ƙarshe sai a kawo wasu haruffa a karkace, an ja musu layi a tsakiya, wai sai ka kwafe su a tabbatar kai mutum ne. Wayar ba ta karanta su. Ni ke dubawa.

"Wannan fa kamar ƙugiya."

"Ƙugiyar ina ta kalla?"

"Ƙasa. A'a, tsaya, kamar ta kwanta."

Kafin mu gama gardama shafin ya ce lokaci ya ƙare, ya share komai, mu koma farko. Hajara tana daga bakin ƙofa tana tsince shinkafa ta ce, "Mai ido ba karatu, mai karatu ba ido. Wanda ya haɗa ku ya iya haɗi." A rana ta huɗu Allah ya taimake mu. Wayar ta faɗi ranar da bakinta: Talata, sati uku masu zuwa. Daga nan Yaya ya mayar da shi al'ada, kullum bayan ya sha koko sai ya buɗe shafin ya ji an sake faɗa masa ranar.

Yanzu na zo inda ya sa na ɗauki biro.

A sati na biyar, wata safiya, ya buɗe sai wayar ta ce "imej," wato hoto, ta yi shiru. Ya ja yatsa, ta sake cewa haka. Ya kira ni. Na duba, wani hoto ne ya rufe shafin gaba ɗaya: wani Bature da farar rigar likita, ya harɗe hannuwa yana murmushi, haƙora reras. A kan farar rigar an yi rubutu ƙanana da launin toka, a ƙasa kuma ga wani akwati shuɗi.

Yaya ya ce, "Me ka gani?"

Na ce, "Talla ce, ko 'yan damfara. Wuni guda muka yi a asibitin nan, ka ga Bature? Wa ka gani yana murmushi?"

"Kira mini haruffan."

Na kai wayar kusa da hanci, na kai ta nesa. Ni ma na haura hamsin. Toka a kan fari, ƙanana kamar ƙwan ƙwarƙwata. Na kira uku ko huɗu na ɓace. Kuma ba a yi wata biyu ba da wani mai shayi a bakin layinmu ya danna irin wannan abu a wayarsa aka yashe masa kuɗinsa na banki. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake yi.

Hajara ta ce, "Ku miƙa wa Malam Isa na makwabta mana, malamin makaranta ne, ya duba muku."

Yaya ya ce, "In ya ga sunan asibitin ido da sunana fa? Matarsa da matar dillalin rigunanmu uwa ɗaya uba ɗaya."

"To ku kira Malama Rahila."

Ni na ce, "Makauniya ce za ta gane mana hoto?" Haka na faɗa, ba zan gyara ba. Na sa yatsa a ɗan gicciyen da ke kusurwa na rufe shi. Wayar ta karanta ranar Talata kamar kullum, hankalin kowa ya kwanta.

Washegari hoton ya dawo, na rufe. Rana ta uku ya dawo, na rufe. Rana ta huɗu bai zo ba, har na yi baki na ce, "Ka gani? Sun gaji, sun nemi wani wawan." Abu ɗaya na lura da shi ban faɗa ba. Kusa da ranar aikin a shafin akwai wani ɗan ɗigo kore, a wannan safiyar sai na ga ya koma ja. Na ɗauka ado ne. Wayar kuwa ba ta faɗin launi, ranar kawai take karantawa.

Talatar ta zo, sati na bakwai ke nan. Yaya bai ci komai ba kamar yadda aka ce, Hajara ta ɗaure masa kaya a jaka. Nas ta bi takardarta da biro daga sama har ƙasa sau biyu, ta ce babu sunansa. Ta duba a kwamfuta ta ce, "Ai an aiko muku da sanarwa. Likitar da ke yin aikin ta sauya ranakunta, aka ce kowa ya danna shuɗin akwati cikin kwana uku ya nuna yana nan. Wanda bai danna ba an ba wani gurbinsa. Ba ku ga ɗigon ya koma ja ba?"

Na yi ihu a wurin, ba zan ɓoye ba. Na ce sayar da gurbin suka yi. Nas ta ce in ji tsoron Allah. Wataƙila gaskiyarta, amma ni na san an ba wani, kuma ban san yadda aka zaɓe shi ba. Ba mu kaɗai ba ne ranar. Akwai wani tsoho da ya taso daga ƙauye, shi ma da jakarsa, shi ma haka aka ce masa. Yaya ya nemi benci da hannu ya zauna. Likitar ta fito da kanta, ta shiga ta fita, ta ƙara masa ƙwayoyi a kan na ɗigawa, amma sabuwar ranar da aka samu sai bayan sati tara.

Sati taran nan ba na fatan maƙiyina ya gan su. Ɗigawa sau uku a rana, ni ke yi, don Hajara ta ce in ta ga idon ba ta iya ɗigawa. Maganin kuwa tsada kamar zinariya ake ɗigawa, wani satin ma a neme shi a rasa sai an je Sabon Gari. Ƙwayoyin suna sa masa jiri da ɗacin baki, tuwo ya daina shiga sai kunu. Kowace safiya yana da gwajinsa: ya zauna a zaure ya kalli ƙofa, ya faɗa mini iyakar abin da yake gani. Da farko ƙofar da bangon gefe biyu. Bayan sati uku bangon dama ya tafi. Bayan shida, ƙofar ma sai tsakiyarta. Ya ajiye allura da kansa, ba wanda ya ce masa.

Asirin da muka yi ta riƙo kuwa a masallaci ya tonu. An tayar da sallar la'asar, ya shiga sahu ya fuskanci gefe, sai da liman ya kamo kafaɗarsa ya gyara shi. Kafin magariba unguwa ta sani. Dillalai biyu sun aiko an karɓi rigunansu, kamar yadda ya faɗa. Amma Malam Sule, wanda na daina gaisarwa don ina zarginsa da sammu, shi ya tsallako ya kwashi sauran ya ƙarasa ɗinkin, ya ce a kai wa masu su da sunan Tanimu. Malam Isa ya shigo dubiya, da ya ji labarin hoton ya riƙe baki ya ce, "Haba Malam Tanimu! Katanga ɗaya ce fa tsakaninmu." Ban iya kallonsa ba.

Da Malama Rahila ta ji, ta ce mu haɗu a asibiti. Ta sa aka kai mu wani ofis a sama, wurin mai kula da kwamfutocinsu. Na shiga da shirin faɗa, sai na tarar da mutum mai ladabi, har ya ba mu kujeru. Ya ce shafin ɗan kwangila ne ya gina, kuma kowa na yaba kyansa. Malama ta ce ya buɗo mata sanarwar nan a wayarta. Ya buɗo. Ta yi wani abu da yatsu gilashin ya yi baƙi ƙirin, murya kawai ta rage, ta miƙa masa.

"Ranka ya daɗe, ga shi. An sauya maka ranar aiki. Nemo inda za ka danna."

Ya ja yatsa. "Imej." Ya sake. "Botin." Ya yi ta ja yana jujjuya wayar, har ya ciro hankici ya share goshi. Ya ce, "Wallahi ba mu taɓa gwada shi ta haka ba."

Yaya ya ce, "Sashen ido ne fa, Malam. Wa kuka zata zai buɗe shi?"

Malama ta lissafa masa, ni ma na riƙe: sanarwa a rubuta ta da rubutu, ba a liƙa ta a hoto ba. Kowane abin dannawa a sa masa suna. Kada launi kaɗai ya zama shi ne saƙo. Rubutu ya yi baƙi ya yi girma. A daina korar mutum yana tsakiyar cikewa. A bar wa wanda ba ya iyawa teburin da zai je a rubuta masa. Ya rubuta duka, ya ce zai kai sama. Daga baya Yaya ya ce sanarwa yanzu wayar tana karanta ta, ɗigon ma an rubuta ma'anarsa a gefe. Karkatattun haruffan nan kuwa suna nan daram, teburin ma ba a dawo da shi ba. Kuma ina zaton ba don mu aka gyara ba, don Malama ta san mutane ne.

An yi aikin a ranar da aka sa. Likitar da nas-nas ɗin sun kula da shi, wannan ba zan ci haƙƙinsu ba. Da aka cire bandeji, abin da ya rage ya tsaya, bai ƙara raguwa ba. Yana gani kamar mai leƙe ta cikin bututu. In ka tsaya a gabansa sosai zai gane ka, zai kai kansa masallaci da sanda. Ɗinki kuwa ya ƙare. Na bi likitar har baranda na tambaye ta, da an yi a Talatar farko, da zai riƙe allura? Ta ce ba za ta iya rantsewa ba, ciwon ya riga ya yi nisa tun kafin mu zo. Ta faɗa tana kallon fayil ɗin hannunta. Ina zargin tausayina ta ji.

To jama'a, in ido ya fara, a tafi asibiti a satin, a bar kwalli da hayaƙi. In wani abu ya fito a waya daga inda kake jiran magani, kada ka danna da ka, kada kuma ka rufe da ka, kai wa mai karatu ko da maƙiyinka ne. Masu gina shafukan nan kuma, ku rufe gilashin ku gwada abinku da kunne kafin ku miƙa. Allah ya saka wa Hajara, da Malama Rahila, da Malam Sule. Marasa lafiya na gida da na asibiti, Allah ya tashi kafaɗunsu.

Makon jiya na same shi a zaure shi kaɗai, na durƙusa na ce, "Yaya, ni na rufe hoton nan. Ka yafe mini."

Ya juyo da kai har ya same ni a cikin ɗan abin da yake gani. Ya ce, "Kai ka rufe, ni na hana a kai wa makwabci, wani kuma ya gina shi bebe. Mu biyu muna ɗauke da namu kayan. Na ukun ne ban sani ba ko ya san yana da kaya." Ya ɗaga fuska sama ya buɗe idon da yatsa. "Tashi ka ɗiga mini, lokaci ya yi."